Daular Kifcak: Yadda Musulunci Ya Shiga Gidan Jankiz Khan

Duk wanda ya zauna ajin tarihi ya ji labarin Tatar, mutanen da suka auka wa Bagadaza a shekara ta 656 bayan Hijira, wato 1258, suka kashe Halifa Musta'asim. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, a lokacin da ake wannan ɓarna akwai sarki Musulmi a cikin gidan nan nasu. To, yau labarin daularsa za mu kawo muku.

Jankiz Khan, sarkin Mongol, ya mutu a 1227. Kafin nan ya raba ƙasa ga 'ya'yansa, ya ba babbansu, Juci, yankin yamma. Juci ya riga uban mutuwa, sai jikoki suka gaje shi. Ɗaya daga cikinsu, Batu, ya tashi da yaƙi a 1236, ya ci garuruwan Rashawa, ya ƙwace Kiyef a 1240, ya kai har Folan da Hungari a 1241. Da ya komo sai ya kafa birnin Sarai kusa da kogin Bolga. Daga nan sarakunan Rashawa suka zama masu kai masa haraji, kuma ba mai hawa gadon sarauta sai da takardar yardarsa.

Ƙasar fili ce fetal, sai ciyawa iyakar ganinka. Mazaunanta Kifcak ne, wasu Turkawa makiyaya masu dawakai da tumaki. Mongol ɗin da suka ci su da yaƙi ba su da yawa, saboda haka da aka yi ta auratayya, harshen Turkawa ya rinjayi nasu. Marubuta Musulmi suna kiran wurin ƙasar Kifcak. Sunan "Rundunar Zinariya" kuwa Rashawa ne suka laƙaba wa daular daga baya.

A 1257 ƙanen Batu, Baraka Khan, ya hau mulki. Shi ya riga ya musulunta, kuma masu tarihi suna danganta haka da Shaihu Saifuddin Bakharzi na Bukhara. Shekara guda da hawansa, ɗan baffansa Hulaku ya rushe Bagadaza. Abin ya yi wa Baraka zafi ƙwarai. Ga kuma tsohuwar jayayya tsakaninsu kan makiyayar Azarbaijan. A 1262 yaƙi ya ɓarke. A bakin kogin Terek aka kori rundunar Hulaku, suna gudu a kan ruwan da ya daskare, ƙanƙara ta fashe, da yawa suka nutse.

Baraka ya ƙulla abota da Sarkin Masar, Baibars. Kun san abin mamaki? Shi Baibars ɗan Kifcak ne, tun yana yaro aka sayar da shi bawa daga wannan ƙasa. Yana cikin jagororin da suka karya Mongol a Ainu Jalut a 1260. Wannan abota ta raba wa Hulaku hankali biyu, Masar da Sham suka sami sararin numfashi.

Amma fa musuluntar sarki ɗaya ba ta musuluntar da ƙasa ba. Sai zamanin Uzbak Khan, wanda ya yi mulki daga 1313 zuwa 1341, Musulunci ya zama addinin fada. A zamaninsa ne matafiyi Ibn Battuta ya je can. Ya ce ya ga sansanin sarki kamar gari guda yana tafiya, da masallatai da kasuwanni a kan kekunan da dabbobi ke ja. Ya lissafa masallatan Juma'a 13 a Sarai. Ya kuma ba da labarin sanyin ƙasar, inda ruwan alwala ke daskarewa a gemu. Wannan Ibn Battuta shi ne ya zo Takedda, a ƙasar Nijar ta yau, a 1353, har ya ambaci Gobir a littafinsa.

To, me ya rushe daular? Annoba ta shiga a 1346, ta ci mutane ba adadi. Daga 1359 'yan gidan sarauta suka shiga kashe juna wajen shekara ashirin, Rashawa suka sami baraka suka ci su da yaƙi a Kulikobo a 1380. Tuktamish ya sake haɗa kan ƙasar, amma a 1395 Timur, wanda shi ma Musulmi ne, ya kore shi ya rushe Sarai. Daular ta dare gida-gida: Kazan, Kirimiya, Astarakhan. Rasha ta bi su ɗaya bayan ɗaya: Kazan a 1552, Astarakhan a 1556, Kirimiya a 1783. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Mulki ya tafi, addini bai tafi ba. Tatar na Kazan Musulmi ne har yau, kuma a 2005 aka buɗe babban masallacin Kul Sharif a cikin ganuwar birnin. Ɗalibai, ku nemi taswira ku gano kogin Bolga, ku nuna wa iyayenku. Allah Ya ƙara mana ilmi mai amfani, amin.