Ziyarar Wuraren Tarihi na Birnin Kano a Yini Guda da Kuɗi Kaɗan

Gabatarwa

Da yawa daga cikin mazauna karkara sun sha shiga birnin Kano domin cin kasuwa, ko dubiya a asibiti, ko rakiyar maniyyata aikin Hajji, amma ƙalilan ne suka taɓa hawa Dutsen Dala ko shiga Gidan Makama. Dalilin da akan bayar shi ne, wai yawon buɗe ido na Turawa ne da masu hannu da shuni. Wannan zato ba daidai ba ne. Akasarin wuraren tarihi na Kano suna cikin tsohon birni, kusa da juna, ta yadda mai ƙoshin lafiya zai iya zagaya su da ƙafa. Abin da ke cin kuɗi shi ne motar zuwa da dawowa, musamman tun bayan cire tallafin man fetur a shekarar 2023. Wannan bayani zai nuna yadda magidanci da iyalinsa, ko malami da ɗalibansa, za su tsara yini guda su ga muhimman wurare, su koma gida kafin dare.

Zaɓen lokaci

Lokacin da ya fi dacewa shi ne kaka, wato watannin Oktoba da Nuwamba, sa'ad da ruwa ya ɗauke, aikin gona ya yi sauƙi, hazo kuma bai sauka ba. A tsakiyar hunturu hazo kan rufe gari har mai kallo daga kan dutse ya kasa hangen nesa. A bazara kuwa, daga Maris zuwa Mayu, zafi kan tsananta ta yadda tafiyar ƙafa da yara ko tsofaffi za ta zama wahala.

Dangane da rana, an fi son Litinin zuwa Alhamis, domin a ranakun ne ma'aikatan gidajen tarihi ke bakin aiki sosai. Ranar Juma'a hanyoyin da ke kewaye da Babban Masallaci kan cika tun da hantsi. Har ila yau, a kula da Asabar ɗin ƙarshen wata, wadda akan taƙaita zirga-zirga da safiyarta saboda tsaftar muhalli.

Shigowa gari da zirga-zirga

Wajibi ne a yi sammako, a bar gida bayan sallar asuba. Masu shigowa ta hanyar Katsina da Bichi kan sauka a wajejen Ƙofar Ruwa, wadda ba ta da nisa da Dala. Na hanyar Gwarzo sukan biyo ta Kabuga, na hanyar Wudil ko Zariya ta Unguwa Uku, na hanyar Haɗejiya kuma ta Yankaba. Tun shekarar 2013 aka hana sana'ar acaɓa a cikin birni, saboda haka abin hawa mafi samuwa shi ne Adaidaita Sahu. Hawan haɗaka, inda kowa ke biyan kuɗin kujerarsa, ya fi shata araha nesa ba kusa ba. A tabbatar an yi ciniki kafin a hau, a kuma tanadi ƙananan kuɗi domin kauce wa rigimar canji.

Zango na farko: Dutsen Dala

Ya kamata a fara da Dala tun rana ba ta yi zafi ba. A gindin wannan dutse ne aka fara zama a Kano, kuma binciken masana ya nuna cewa ana narkar da tama a nan tun wajen ƙarni na 7. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ambaci Barbushe, wanda ya jagoranci mazauna wurin a bautar Tsumburbura kafin zuwan Bagauda, sarkin farko, a shekarar 999. A cewar littafin, a zamanin Sarki Yaji (1349 zuwa 1385) ne Wangarawa suka zo daga Mali, addinin Musulunci ya samu gindin zama a fada.

Akwai matattakala har zuwa saman dutsen. Daga nan mai ziyara zai hangi Goron Dutse, da hasumiyoyin Babban Masallaci, da unguwannin birni a shimfiɗe. Baturen nan ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya hau wannan dutse, ya kuma ƙiyasta mazauna garin da kimanin 30,000. Idan malami ya faɗa wa ɗalibansa wannan adadi suna tsaye suna kallon gidajen da ido ba ya kaiwa ƙarshensu, za su fahimci bunƙasar birnin fiye da yadda allo zai nuna musu. A riƙe hannun ƙananan yara, kada kuma a matsa bakin gaɓa.

Zango na biyu: Kasuwar Kurmi

Daga Dala sai a gangaro ta cikin lungunan birni zuwa Kasuwar Kurmi. Matambayi ba ya ɓata, kuma mutanen unguwa ba sa ƙyashin nuna hanya. Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ne ya kafa wannan kasuwa. Ta zama mahaɗar fatake daga Agadas, da Borno, da Gwanja, da biranen Arewacin Afirka, inda ake musayar gishiri, da kanwa, da goro, da fata, da tufafin saƙi.

Har yanzu kasuwar a kashe take layi-layi bisa sana'a. Akwai dukawa masu jakunkuna da takalma, da masu kayan doki irin su sirdi da linzami, da masu ƙwarya da faifai, da 'yan koli, da masu littattafan addini, da masu kayan yaji da turare. Kallo ba ya buƙatar ko kwabo. Wanda ke son tsaraba ya saya a nan, amma ya ƙayyade abin da zai kashe tun daga gida, domin a wannan zango ne aljihu ya fi saurin ƙarewa. A kusa da kasuwar unguwar Jakara take, wadda ta yi suna wajen gurasa. Gurasa da ƙuli, ko fura da nono, sun isa su riƙe mutum har yamma a kan kuɗi kaɗan.

Zango na uku: Babban Masallaci da Gidan Rumfa

Idan aka kiyaye lokaci, za a iso Babban Masallacin Juma'a daf da azahar, a yi salla, a kuma huta. Asalin masallacin yana komawa ne ga zamanin Rumfa, lokacin da shahararren malami Muhammad bin Abdulkarim al-Maghili ya zauna a Kano. Ginin da ake gani a yau an kammala shi ne a farkon shekarun 1950, a zamanin Sarki Abdullahi Bayero.

Jikin masallacin akwai Gidan Rumfa, wato fadar Kano, wanda ya kasance mazaunin sarakuna fiye da shekara 500. Fada gida ce mai iyali da dokokinta, ba a shiga sai da izini. Duk da haka, ana iya ganin Ƙofar Kudu da filin da ke gabanta daga waje, inda ake jahi a lokacin Hawan Daushe. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan sallar Kano cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Mai son kallon hawa ya saurari sanarwar hukuma tukuna, domin an dakatar da shi a wasu shekaru.

Zango na huɗu: Gidan Makama

Tafiya kaɗan daga Ƙofar Kudu sai Gidan Makama. Idan akwai wuri guda da ya cancanci a biya kuɗin shiga, to, wannan ne. An gina gidan a ƙarni na 15 domin Rumfa tun yana riƙe da sarautar Makama, Turawa kuma sun yi amfani da shi bayan sun ci Kano a 1903. Yanzu gidan tarihi ne a ƙarƙashin hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa.

A cikinsa akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, da sulke, da lifidi, da takubba, da hotunan sarakuna da na zamanin mulkin mallaka, da kayan sana'o'in gargajiya, da ɗakin amarya irin na da. Ginin kansa darasi ne. Mutumin karkara da ya san tubali da azara zai ga yadda magina suka ɗaura bakan gizo suka rufe manyan soraye ba tare da siminti ko ƙarfe ba, zai kuma ji sanyin ɗakunan ko da rana ta take. A nemi jami'in gidan ya yi jagora, a kuma tambaya kafin a ɗauki hoto.

Zango na biyar: Marinar Ƙofar Mata

Daga nan sai a nufi gabas zuwa Ƙofar Mata, kusa da Asibitin Murtala da Filin Idi. Ana danganta kafuwar wannan marina da shekarar 1498. Marina kan zuba ruwa da toka da baba a cikin rami mai zurfi, su bar haɗin ya yi kwanaki har ya nuna. Idan aka tsoma zane aka ɗago, yakan fito da launin kore-kore, sai iska ta buge shi ya koma shuɗi a gaban idon mai kallo. Yawan tsomawa shi ke ƙara duhun launi. Bayan ya bushe sai a kai mabuga, a buge shi a kan gungume har ya yi sheƙi. Irin wannan rini ne ya kai sunan Kano da Kura har cikin hamada, wurin Buzaye masu naɗa rawanin turkuɗi.

Mai ziyara zai lura cewa ramuka da dama sun daina aiki, sakamakon shigowar atamfofin waje masu araha da rinin zamani. Marinan da suka rage da wannan sana'a suke ci da iyalinsu. Idan sun ɓata lokacinsu sun yi bayani, kyakkyawar ɗabi'a ce a yi musu ɗan ihsani, ko a sayi ƙaramin ƙyalle.

Idan lokaci ya rage

Waɗanda suka zo da yara za su iya hawa Adaidaita Sahu zuwa gidan namun daji na Audu Baƙo da ke Titin Gidan Zoo, wanda aka buɗe a farkon shekarun 1970. Ɗalibai da malamai kuwa za su fi amfana da Gidan Ɗan Hausa da ke Nasarawa, inda Hanns Vischer ya zauna, wanda ya buɗe makarantar boko a Kano a 1909. Bai kamata a haɗa duka biyun ba, domin gaggawa kan jawo shata da ƙarin kashe kuɗi.

Masu komawa ta Kabuga su bi titin BUK, inda za su ga ragowar ganuwa tsakanin Ƙofar Na'isa, da Gadon Ƙaya, da Dukawuya. Sarki Gijimasu (1095 zuwa 1134) ne ya fara gina ta, sarakunan baya suka faɗaɗa. A 2007 aka sanya ta cikin jerin wuraren da Nijeriya ke neman UNESCO ta amince da su. Amma ruwan sama, da ɗibar ƙasa, da gine-gine sun cinye mafi yawanta, wasu ƙofofin kuma an rushe su an sake ginawa lokacin faɗaɗa tituna. Abin da yaro bai gani ba a bana, mai yiwuwa ba zai same shi ba idan ya girma.

Hanyoyin rage kashe kuɗi da kiyaye kai

1. A ware kuɗin motar komawa a aljihu daban, kada a taɓa shi ko da me aka gani a kasuwa.
2. A zo da ruwan sha da guzuri daga gida, kamar dabino, da gyaɗa, da ƙuli-ƙuli.
3. A tafi a ƙungiya. Mutum goma sha takwas da suka haɗa kuɗi suka ɗauki bas guda sun fi samun sauƙi a kan masu tafiya ɗaiɗai.
4. A biya kuɗin shiga a wurin jami'in da aka tanada, a karɓi rasit ko tikiti.
5. A adana waya da kuɗi a cikin cunkoso, kada a riƙa fito da su a lungu ko a bakin titi.
6. A rubuta lambar wayar babba a takarda a sa a aljihun kowane yaro.
7. A kama hanyar tasha bayan sallar la'asar, kafin cunkoson yamma da tashin kuɗin mota.

Kira ga jami'an ƙananan hukumomi da masu sarauta

Jihar Kano na da ƙananan hukumomi 44, kuma mafi yawansu na karkara ne. Sakatarorin ilimi, da shugabannin makarantu, da ƙungiyoyin iyaye da malamai za su iya shirya irin wannan ziyara sau ɗaya a shekara ba tare da ɗora wa iyaye nauyi mai yawa ba. Abin da ake buƙata shi ne rubuta takarda ga gidan tarihin da za a je tun da wuri, a bayyana rana da yawan ɗalibai, a kuma nemi sanin kuɗin shiga na ɗalibai. A samu amincewar iyaye, a duba lafiyar mota, kada a yi lodi fiye da ƙima, a kuma haɗa ɗalibai mata da malamai mata. Bayan an dawo, a sa kowane ɗalibi ya rubuta abin da ya gani.

Hakimai, da dagatai, da masu unguwanni su ma suna da rawar takawa. Garuruwa da yawa, irin su Rano, da Gaya, da Ƙaraye, suna da tsohon tarihi, kuma ba a rasa kufai, ko ragowar ganuwa, ko tsohuwar marina a ƙasar kowane hakimi. Wanda ya ga yadda ake adana kayan tarihi a Gidan Makama zai koma gida da sanin darajar abin da ke ƙofar gidansa, ya kuma hana a ɗebi ƙasarsa ko a yi gini a kansa.

Kammalawa

Ziyarar yini guda a birnin Kano ba ta buƙatar masauki, ko motar kai, ko tsadadden abinci. Kuɗin mota, da na shiga gidan tarihi, da ɗan guzuri sun wadatar, muddin an yi sammako an kuma bi tsari. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Ana fatan jama'a za su ware rana guda bayan an kai amfanin gona gida, su kai 'ya'yansu su ga tushensu da idanunsu. Allah Ya kai kowa lafiya, Ya kuma dawo da shi gida lafiya.