Kwamfutar ofis: Makullin yana hannun wa?

Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin sayen kaya na wata ma'aikata ya san yadda ake rubuta takardar neman kwamfuta. A kan faɗi sunan kamfanin da ya ƙera ta, da ƙarfin injinta, da girman ma'adanarta, da faɗin allonta, wani lokaci har da jaka da linzami. Layin da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi shi ne na babbar manhaja, wato wadda ke tafiyar da kwamfutar baki ɗayanta. In ma an tuna da ita, sai a rubuta "Windows" a wuce. Ɗan kwangila kuwa ba wawa ba ne: tunda ba a fayyace masa ba, zai kawo wadda ta fi bar masa riba. Ina so in nuna wa mai karatu cewa wannan ɗan layi shi ke yanke hukuncin ko ma'aikata ce ke da iko da kwamfutarta da bayanan cikinta, ko kuwa mutumin da ya fara kunna ta.

Kamfanin Microsoft yana sayar da Windows a nau'o'i daban-daban. Akwai Home, wanda aka yi domin gida. Akwai Pro, na ƙanana da matsakaitan ma'aikatu. Akwai Enterprise na manyan hukumomi da kamfanoni, sannan akwai Education na makarantu, wanda kusan duk abin da ke cikin Enterprise yana cikinsa. A ido dukkansu ɗaya ne. Allonsu iri ɗaya, Word da Excel suna aiki a kansu ba bambanci, kuma Pro bai fi Home sauri ba ko da ƙiftawar ido. Wannan kamanni ne ke sa shugaban ofis ya ga ba dalilin ƙarin kuɗi. Farashin da kamfanin ya sa a Amurka dala 139 ne ga Home, dala 199 ga Pro. Wanda ya riga ya sayi Home kuma yake son ɗaga shi zuwa Pro zai biya dala 99. Ke nan wanda ya guje wa dala 60 ranar saye, dala 99 zai biya ranar da buƙata ta kama shi, a kan kowace kwamfuta.

To, me ake saye da wannan ƙari? Abu na farko shi ne rajistar kwamfuta a ƙarƙashin ma'aikata. Pro yana iya shiga tsarin da ake kira Active Directory, ko takwaransa na intanet, Entra ID, wanda kafin 2023 ake kira Azure AD. Ma'anar wannan a aikace ita ce ma'aikata ke ba kowane ma'aikaci suna da kalmar sirri, ita ce kuma ke iya karɓewa. Ranar da aka sallami akawu, ko aka yi wa sakatare canjin wurin aiki, jami'in kula da kwamfutoci zai rufe asusunsa daga kujerarsa, ya buɗe wa magajinsa. Home ba ya shiga wannan tsari. Hasali ma Windows 11 Home yana neman a haɗa shi da intanet a kuma shiga da asusun Microsoft na mutum tun ranar da aka fara kunna shi. Wa ke kunna sabuwar kwamfuta a ofisoshinmu? Ko dai yaron shagon da ya kawo ta, ko ma'aikacin da aka miƙa wa. Daga wannan rana kwamfutar da aka saya da kuɗin hukuma ta rataya a wuyan adireshin imel na mutum guda.

Na ga illar haka da idona a wata tsangaya da na yi aiki da ita. Jami'in jarrabawa ya tafi ƙarin karatu ƙasar waje, ya bar kwamfutar ofis a kan tebur kamar yadda doka ta ce. Sakamakon ɗalibai na shekaru yana ciki, amma asusun nasa ne, lambar wayar da ake aika wa saƙon tabbatarwa kuma layin da ya daina amfani da shi ne. Makonni aka kwashe ana kiran waya da aika saƙo, ɗalibai masu jiran takardar kammala karatu suna zarya a bakin ofis. Mutumin bai yi laifin komai ba, bai ɓoye komai ba. Tsarin da aka saya ne bai tanadi ranar tafiyarsa ba.

Abu na biyu shi ne kulle bayanai. Kalmar sirrin da muke sawa a allon farko ƙofar zaure ce kawai. Ɓarawon da ya sace kwamfutar tafi-da-gidanka yana iya cire ma'adanarta ya jona a wata na'ura ya karanta komai, matuƙar ba a rikitar da rubutun ciki ta yadda sai mai makulli zai iya warware shi ba. BitLocker shi ke wannan aiki, kuma cikakkensa yana cikin Pro da na sama da shi. Adalci ne in faɗi cewa Home ma yana da wani ɗan nau'i na wannan kulli, kuma daga sabuntawar 24H2 ta Windows 11 yana kunna kansa a kwamfutoci da dama idan aka shiga da asusun Microsoft. Sai dai makullin ceto, mai lambobi 48, yana tafiya ne asusun mutumin da ya shiga. A Pro, ma'aikata tana iya tilasta kullin a kan kowace kwamfuta, ta ajiye makullan a wurinta, ta kuma kulle ƙananan filashin da ake yawo da su a aljihu.

Kada a ɗauka makullin ceto abu ne da ba za a taɓa nema ba. Ranar 19 ga Yulin 2024, wata gurɓatacciyar sabuntawa daga kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike ta durƙusar da na'urori masu Windows kimanin miliyan 8.5, kamar yadda Microsoft ya ƙiyasta. Jirage sun kasa tashi, bankuna da asibitoci sun tsaya cik a ƙasashe da dama. Gyaran ya buƙaci a bi kwamfutoci ɗaya bayan ɗaya, kuma duk wadda ke da BitLocker sai an kawo makullinta. Ma'aikatun da suka san inda makullansu suke sun fi saurin miƙewa. Kulli alheri ne ga wanda ke riƙe da makulli, bala'i ne ga wanda bai san inda nasa yake ba.

Abu na uku shi ne kafa doka guda a kan kwamfutoci da yawa. Pro yana da tsarin da ake kira Group Policy, wanda da shi jami'i ɗaya zai hana sa manhajar da ba a amince da ita ba, ya hana jona filashi a kwamfutar albashi, ya wajabta kalmar sirri mai ƙarfi, ya sa allo ya kulle kansa idan mai shi ya tashi salla ko cin abinci. Da shi kuma ake tsara lokacin sabuntawa, a jinkirta ta har a gwada a kan kwamfuta biyu ko uku kafin a sake ta ga saura. A wurin da wuta ke zuwa da ƙa'ida, data kuma ke da tsada, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Haka nan Pro ne ke barin a shiga kwamfutar ofis daga nesa ta hanyar Remote Desktop. Home yana iya shiga wata, amma ba a iya shigarsa ta wannan hanya.

Me ya sa maganar ta zama ta gaggawa? Dalili na farko, Microsoft ya daina ba Windows 10 gyaran tsaro na kyauta tun ranar 14 ga Oktoban 2025, shekara goma bayan fitowarsa a Yulin 2015. Ma'aikatar da ke son ci gaba da samun gyaran sai ta biya dala 61 a kan kowace kwamfuta a shekarar farko, kuɗin yana ninkawa kowace shekara, kuma shekara uku ce iyaka. Wanda ke ganin gyaran tsaro ƙawa ce ya tuna da watan Mayun 2017, lokacin da cutar kwamfuta ta WannaCry ta bazu a ƙasashe kimanin 150. A Ingila ta sa hukumar lafiya ta ƙasa soke ganin likita kusan 19,000, asarar kuma aka ƙiyasta ta kai fam miliyan 92. Abin takaici, tun watan Maris na shekarar Microsoft ya fitar da facin da ke toshe ɓarakar, ba a dai liƙa shi ba ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Dalili na biyu doka ce. A watan Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda ta kafa hukumar NDPC. Dokar ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su, ta kuma wajabta sanar da hukumar cikin awa 72 idan aka samu ɓarakar da za ta iya cutar da masu bayanan. Tarar manyan masu riƙe da bayanai tana iya kaiwa Naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. Makaranta mai sunayen ɗalibai, asibiti mai fayil ɗin marasa lafiya, ƙungiyar adashi mai lambobin asusun mambobi, duk maganar ta shafe su. Kwamfutar da aka manta a Keke Napep, idan a kulle take asarar ƙarfe ce. Idan a buɗe take, asirin ɗaruruwan mutane ne ya fita.

Akwai masu cewa duk wannan ba matsala ba ce, tunda da ɗan kuɗin shayi wani yaro zai sa maka Pro ko ma Enterprise. Gaskiya ne allon zai nuna Pro. Amma manhajar da ake fasa lasisi da ita sai an ba ta cikakken iko a kan kwamfuta, sau da yawa ma sai an kashe riga-kafin ƙwayoyin cuta kafin ta shiga, kuma ba wanda ya san abin da aka cusa a cikinta. Ma'aikatar da ta sa irin wannan a kwamfutar da take biyan albashi ta ɗauki baƙon da ba ta san asalinsa ba ta ba shi gadin baitulmali. Araha ba ta ado.

Ba ina cewa kowa ya ruga ya sayi mafi tsada ba. Mai shagon buga takardu da kwamfuta ɗaya, wanda shi ne mai ita kuma shi ke zama a kanta, Home na asali ya ishe shi. Ofis mai ma'aikata biyar zuwa ɗari biyu, inda mutane ke zuwa suna tafiya, Pro ne gwargwadonsa. Enterprise yana da amfani ga banki ko babbar ma'aikatar gwamnati mai sashen kwamfuta na sosai. Ana biyansa ne ta yarjejeniya ko kuɗin shekara, kowace sabuntawarsa ta shekara tana samun tallafin wata 36 maimakon 24 na Home da Pro. A lura kuma, lasisin Enterprise na kamfanoni a kan Pro ake ɗora shi, don haka wanda ya cika ofis da Home ya rufe wa kansa wannan ƙofa sai ya sake biya. Makarantu su tambayi Education tukuna, domin farashinsa na musamman ne. Sannan Pro ɗin da ba wanda ya iya tsara shi, bai fi Home da komai ba. Sayen nau'in da ya dace rabin aiki ne, sauran rabin shi ne horar da wanda zai riƙe shi.

Akwai kuma hanyar da ba ta Microsoft ba. Ubuntu, ɗaya daga cikin nau'o'in Linux, kyauta ne, yana fitar da tsayayyen bugu duk shekara biyu a watan Afrilu, da tallafin shekara biyar, kuma yana tafiya a tsofaffin kwamfutocin da Windows 11 ya ƙi. Jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta yanke shawara a 2024 za ta mayar da kwamfutocin gwamnati kimanin 30,000 kan LibreOffice da Linux. Birnin Munich kuwa ya bi wannan hanya tun 2003, sannan majalisarsa ta zaɓi komawa Windows a 2017. Darasin shi ne hanyar tana yiwuwa, amma sai an duba ko manhajar lissafin kuɗi da na'urar ɗab'i da sauran kayan aikin ofis za su bi. Ga ɗakin koyar da ɗalibai kwamfuta, ina ganin Linux na gaskiya ya fi Windows na sata nesa ba kusa ba.

Ga masu sayen na hannu, a Titin Beirut na Kano ne ko a Banex ta Abuja ko Kwamfuta Bileji ta Ikeja, akwai labari mai daɗi. Kwamfutocin da aka ƙera domin kamfanoni, irin su ThinkPad da Latitude da EliteBook, galibi da Pro suka fito daga masana'anta, kuma lasisin yana dashe a cikin allon injinsu. Idan aka sake sa Windows mai tsabta, da kansa zai gane shi. Abin dubawa shi ne ko za su ɗauki Windows 11, wanda ke buƙatar guntun tsaro na TPM 2.0, da ƙwaƙwalwa aƙalla gigabait 4, da ma'adana gigabait 64, da injin Intel na zubi na takwas zuwa sama ko makamancinsa na AMD. Wadda ta gaza haka, komai kyawun jikinta, kwananta ya kusa ƙarewa a aikin ofis.

Shawarata ga shugabannin ma'aikatu ba ta da wuya. A yau ɗin nan a sa wani ya zagaya kowace kwamfuta, ya danna maɓallin Windows tare da harafin R, ya rubuta winver, ya rubuta abin da ya gani a takarda tare da sunan mai asusun da ke kanta. A takardar saye ta gaba a rubuta nau'in manhaja ƙarara, a ce na asali, a kuma ƙi sa hannun karɓa sai an tabbatar. A buɗe asusu da sunan ma'aikata, a ajiye makullan ceto a wuri biyu da shugaba da mataimakinsa suka sani. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ma'aikaci, komai amanarsa, wata rana zai tafi ya bar kujerar.