Ƙyastun Harsashi da Kwanson da Ake Tsinta

Tun da fitinar 'yan bindiga ta addabi gabashin Sakkwato, daga Isa da Sabon Birni har Rabah da Goronyo, kwanson harsashi ya zama abin da yaro zai iya tsinta a gona, ya biyo buhun 'yan gwangwan zuwa birni, ya ratsa unguwa irin Runjin Sambo kafin ya isa gaban maƙeri. Don haka ya wajaba jama'a su fahimci haƙiƙar wannan abu, musamman ɗan ƙoƙon da ke liƙe a gindinsa, wanda bai kai ƙwayar wake ba, alhali shi ne ƙyastun da ke tayar da albarushi.

Maharbanmu na dā da ƙanƙara suke kunna bindiga, kamar yadda Turawa suka yi har zuwa lokacin da wani limamin Kirista na ƙasar Sikotlan, Alexander Forsyth, ya yi rajistar hikimarsa a 1807, wato sinadarin da ke kamawa da wuta da zarar an doke shi. A 1866 mutum biyu suka fito da tsarin da duniya take bi har yau: Kanar Edward Boxer na ma'aikatar makamai ta Woolwich a Ingila, da Hiram Berdan na Amurka. Kwanson Boxer huda ɗaya gare shi a tsakiya, na Berdan kuwa galibi biyu ne ƙanana, kuma abin ta'ajibi, Amurkawa sun rungumi tsarin mutumin Ingila, Turai kuma ta fi riƙo da na Ba'amurken.

A Amurka, inda shari'a ta halatta wa mutum ya sake ɗura kwanso a gidansa, masu wannan sha'awa sukan sayi na soja da aka riga aka harba, saboda tagullarsa, wadda kashi 70 cikin ɗari jan ƙarfe ce, 30 kuma tutiya, tana da kauri da juriya. Amma su kansu, duk da ma'auni da littattafai da kayan aiki, suna fama da mushkila, domin ma'aikatun soja sukan danne bakin ramin ƙyastun don kada ya fice yayin da bindiga mai sarrafa kanta take ɓarin wuta, kuma wanda ya tura sabo da ƙarfi a irin wannan rami yana iya tayar da shi a tafin hannunsa. Kaurin nan ma illa ne, gama yana rage sararin ciki, sai ƙarfin fashewa ya zarce ƙima, bindigar ta tarwatse a fuskar mai ita. In kuwa tsohon ƙyastu ne mai zaiba, tagullar takan yi rauni ta tsage ba tare da ido ya gani ba.

To, ina ga mai yi a zaure, bisa kintace, da fitila kusa da shi? Dokar makamai ta Nijeriya, ta 1959, ta haramta ƙera harsashi in ba a ma'ajin makaman hukuma ba, aikin da aka kafa masana'antar tsaro ta Kaduna dominsa a 1964, kuma a ganina wannan hani maslaha ce ga rayuka kafin ya zama hukunci.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne halin maƙera da almajiransu, irin na Maƙera Assada, waɗanda ke narkar da tagulla domin neman halali. Kwanson da aka harba akwai ɗan lotsi a tsakiyar gindinsa, inda allurar bindiga ta doka. Wanda gindinsa yake sumul, ƙyastunsa na nan da rai ko da babu dalma a bakinsa, har mai lotsin ma wani lokaci ya ƙi tashi ne kawai. Zafin wutar zuga kaɗai ya isa ya fasa shi, ɓarɓashin ƙarfe ya nufi idon yaron da ke durƙushe yana zuga. Irin wannan, kada a buga shi, kada a kusantar da shi wuta, a sanar da 'yan sanda ko mai unguwa su ɗauke.