Kowane Abu da Mazauninsa

A gidajenmu akwai yara waɗanda hankalinsu ba ya tsayawa wuri guda. Ba taurin kai ba ne, halittarsu ce. Duka ba ya gyara su.

Kada mu ce wa irin yaron nan, "Gyara ɗaki." Maganar ta yi masa yawa. Mu ce, "Rataye allo a ƙusa." In ya yi, mu yaba masa. Gobe tawada a alkuki. Kada mu canja musu wuri. Fasasshiyar ƙwarya kuwa mu zubar tare da shi.

A 2022 ambaliya ta ci ƙauyuka a ƙasar Haɗejiya. In ruwa ya zo da dare, yaron da ya san mazaunin kayansa, ko a duhu zai ɗauka.