Gidan Mari: Horo Daban, Azaba Daban

Yawancinmu muna firamare a watan Oktoba na 2019, lokacin da 'yan sanda suka shiga wani gidan mari a unguwar Sabon Gari, nan cikin Daura. Sun fito da mutum 67, yara da manya, da yawansu da mari a ƙafa da tabon duka a jiki. Makonni kaɗan kafin nan an gano irin wannan gida a Rigasa ta Kaduna.

Iyaye ne suka kai yawancinsu da hannunsu, don a gyara musu tarbiyya. Shi ya sa har yau muke jin wasu na cewa ai kangararru ne, sai da haka. To, me doka ta ce?

A ranar 10 ga Disamba 1984 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar hana azabtarwa, Nijeriya kuma ta shiga cikinta a 2001. Yarjejeniyar ta fi shafar jami'an gwamnati, kamar 'yan sanda da sojoji. Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne ba ta bar ƙofar uzuri ba. Ko ana yaƙi, ko an kafa dokar ta-ɓaci, ko shugaba ne ya ba da umarni, ba a yarda a azabtar da mutum ba, komai girman laifinsa.

A nan gida, sashe na 34 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya haramta azabtar da kowa ko wulaƙanta shi. A Disamba 2017 kuma Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan garin nan, ya sa hannu a kan dokar hana azabtarwa, wadda hukuncinta ya kai ɗaurin shekara 25.

Mun yarda icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Amma tanƙwarawa daban, karyawa daban. Ɗaure yaro da sarƙa, hana shi abinci ko dukansa har ya ji rauni ba tarbiyya ba ce.

Don haka idan muka ga ana yi wa wani yaro haka, ko ƙaninmu ne ko almajirin unguwarmu, kada mu yi shiru. Mu sanar da malami, ko mai unguwa, ko 'yan sanda. Mu ma manyan aji, mu ji tsoron Allah a kan ƙannenmu 'yan aji ɗaya.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida