Ɗigon gam da ke hana noti kwancewa a injinan ɗura harsashi na Amurka

A Amurka akwai mafarauta da masu gasar harbi da ba sa yar da kwanson harsashi bayan sun harba. Tsince shi suke yi su wanke, su sake zuba albarushi, su ɗora sabon kai. Dokar tarayyar ƙasar ta amince mutum ya yi hakan don amfanin kansa ba tare da lasisi ba, sai dai idan sayarwa zai yi. A Najeriya kuwa, dokar makamai ta haramta wa ɗaiɗaikun mutane haɗa harsashi.

Ana yin aikin ne da wani ƙaramin inji da ake ɗaurewa a jikin teburi, mai hannu da ake dannawa ƙasa a ɗago sama. Cikin kamfanonin da suka yi suna wajen ƙera shi akwai RCBS, wanda Fred Huntington ya kafa a garin Oroville na jihar Kalifoniya a 1943, da Lee Precision da Dillon da kuma Hornady.

A zama ɗaya mutum kan ja hannun sau ɗaruruwa, kuma kowane ja sai injin ya jijjiga. A hankali notuna da sukurori su fara saki.

Me ya sa sakin noti ke da haɗari?

A wannan aiki, albarushi ba a kintatarsa da ido. Ma'aunin da ake amfani da shi, wato giren, bai kai kashi ɗaya cikin 15 na giram ba.

Idan sukurun da ke riƙe da ma'aunin ya motsa, albarushin da ke zuba zai ƙaru ko ya ragu ba tare da mai aikin ya lura ba. Idan ya yi yawa, bindigar na iya tarwatsewa a hannun mai harbi. Idan ya yi kaɗan, kan harsashin na iya maƙalewa a cikin bututun bindiga, harbi na gaba ya zo ya tarar da hanya a toshe.

Wannan ne ya sa da yawa daga cikinsu ke ajiye 'yar kwalbar gam ɗin ɗaure noti a gefen injin.

Gam ɗin da iska ke hana shi daskarewa

Wani malamin ilimin sinadarai a kwalejin Trinity da ke Hartford a jihar Connecticut, Vernon Krieble, shi ne ya samar da gam ɗin a 1953, kuma shi da ɗansa Robert suka kafa kamfanin da daga baya ya zama Loctite. Kamfanin Henkel na Jamus ya mallake shi gaba ɗaya a 1997.

Yawancin gam sai ya sha iska yake bushewa. Wannan kuwa akasin haka ne: muddin yana samun iska, ruwa ne. Sai an matse shi tsakanin zaren noti da na sukuru, inda iska ba ta shiga kuma yana taɓa ƙarfe, sannan ya daskare ya cike gurbin da ke bai wa notin damar motsi. Shi ya sa ba a cika kwalbarsa taf. Yakan fara kamawa cikin mintoci, amma sai bayan sa'o'i 24 yake gama ƙarfi.

Kowane launi da aikinsa

Mai launin shunayya, lamba 222, shi ne mafi rauni, kuma an yi shi ne don ƙananan sukurori. Shuɗi, lamba 242 ko 243, matsakaici ne, ana iya kwance shi da sifana. Ja, kamar lamba 271, na dindindin ne, sai an gasa ƙarfen ya kai zafin digiri kusan 250 a ma'aunin Salshiyas kafin ya saki. Kore mai lamba 290 tsinkakke ne, yana tsotsuwa cikin notin da aka riga aka ɗaure.

Wani abin da ke rikita sababbin shiga shi ne kwalaben Loctite galibi ja ne, ko da ruwan da ke ciki shuɗi ne. Lambar ita ce abin dubawa.

Kuskure a nan na da tsada. Wanda ya sa ja a ƙaramin sukuru na iya karya shi ko ya cinye kansa wajen kwancewa. Sannan kawo wuta ɗakin da ake ajiye albarushi don narkar da gam wasa da rai ne.

Inda ake sawa da inda ba a sawa

Ƙa'idar mai sauƙi ce. Abin da ba a son ya taɓa motsi, kamar notin hannun injin da waɗanda suka ɗaure shi a teburi, ɗigo ɗaya na shuɗi ya wadatar, bayan an goge maiƙo da datti daga zaren.

Amma sassan da ake juyawa don saiti, kamar wanda ke gyara bakin kwanso da wanda ke tura kan harsashi ciki, ba a sa musu gam. Kowannensu na da zoben kulle nasa, kuma za a buƙaci sake saita shi gobe. Haka ma sassan roba, kamar mazubin albarushi, domin gam ɗin na iya sa wasu nau'o'in roba su tsage.

Idan kuma zaren notin ya riga ya cinye, gam ba zai mayar da shi sabo ba. Canji shi ne magani.

Ko bayan an sa gam, masu taka-tsantsan ba sa fasa ɗora albarushin a kan sikeli lokaci zuwa lokaci a tsakiyar aiki. Gam na riƙe noti ne kawai, sikelin ne ke faɗin ko awon ya canza.