Ɗaukar hoton dangin zuma da ƙananan ƙwari daga kusa: sharuɗɗan aikin da iyakarsa

1. Gabatarwa

A Hausa kalmar zuma tana ɗauke da ma'ana biyu: ƙwaron, da kuma abin da yake yi. Shi ya sa in an ce zuma, hankalin mai sauraro yakan tafi ga ƙudan amya kaɗai, wato Apis mellifera. Alhali masana sun bayyana nau'i sama da dubu 20 na danginsa a duniya, kuma mafi yawansu ba su tara zuma, ba su zaman taro. Mace guda ce ke haƙa raminta cikin ƙasa, ko cikin kara, ko busasshen itace, ta zuba garin fure, ta yi ƙwai, ta rufe. A cikin wannan maƙala za mu kira su duka "dangin zuma". A kudancin Nijar ana samun, ban da ƙudan amya, manyan nan masu huda itace (Xylocopa), da masu yankan ganye (Megachile), da masu zane a ciki (Amegilla), da ƙananan nan marasa harbi da ake kira galla ko rakuwa.

Sanin waɗannan ƙwari ya shafi abinci. Rahoton IPBES na 2016 ya nuna cewa wajen kashi 75 cikin 100 na ire-iren amfanin gona na duniya suna dogara, ko da kaɗan, ga barbarar da ƙwari da sauran dabbobi ke yi wa fure. Gero da dawa iska ce ke yi musu wannan aiki. Amma kabewa, da kankana, da irin albasa da ake fiddawa a yankin Galmi, sai da ƙwari. Wani bincike da aka yi a Burkina Faso, aka buga a 2017, ya nuna cewa ziyarar dangin zuma tana ƙara yawan riɗi da auduga da kuma kyawunsu. Haka nan taswirar dangin zuma ta duniya da Michael Orr da abokan aikinsa suka fitar a ƙarshen 2020 ta nuna cewa nau'o'insu sun fi yawa a ƙasashe masu ƙarancin ruwa bisa ga dazuzzuka masu yawan damina, ta kuma nuna ƙarancin bayanai daga Afirka.

Abin da muke son nunawa shi ne: hoton ƙwaro yana zama hujjar ilimi ne idan ya fito da sassan da mai tantancewa ke nema, kuma yana tafe da ma'auni da wuri da rana. Za mu duba abin da ya kamata hoton ya nuna, da abin da ke hana shi nunawa, da dabarun da ake bi, sannan inda hoto ya tsaya.

2. Abin da mai tantancewa ke nema

Launi shi ne abin da ido ke fara kamawa, shi ne kuma ya fi ruɗi. Akwai ƙudaje na dangin Syrphidae masu zanen rawaya da baƙi da sukan sha fure tare da zuma. Bambancin yana ga fiffike da ƙaho: ƙuda yana da fiffike biyu da gajeren ƙaho, dangin zuma suna da fiffike huɗu da ƙaho mai tsawo, mai gwiwa. Abin da ya raba su da rina da zanzaro kuwa shi ne gashin jikinsu mai rassa, wanda ke riƙe garin fure. Wannan sai an ƙara girma sosai ake ganinsa.

Bayan nan, littattafan tantancewa, kamar babban littafin Charles Michener na 2000 (bugu na biyu, 2007) da na Eardley da Kuhlmann da Pauly na 2010 a kan dangin zuma na Afirka kudu da Sahara, wanda akwai shi da Faransanci, suna tambayar abubuwa kamar haka:

a) Jijiyoyin fiffiken gaba: ɗakunan da ke ƙarƙashin gefe (cellules submarginales) biyu ne ko uku? A dangin Halictidae jijiyar gindi tana da lanƙwasa bayyananna.
b) Inda mace ke ɗaukar garin fure: a ƙarƙashin ciki, kamar Megachile, ko cikin gashin ƙafar baya, kamar Amegilla, ko cikin wani ɗan kwando mai santsi a ƙafar baya, kamar ƙudan amya da galla.
c) Gaɓoɓin ƙaho: 12 ga mace, 13 ga namiji, a mafi yawan nau'o'i.
d) Fuska: siffar muƙamuƙi, da tsagogin da ke ƙarƙashin ƙaho, da tsawon harshe.

Daga nan za a gane cewa hoto guda ba ya isa. Ana bukatar aƙalla uku: daga sama, daga gefe, da fuska, in da hali a ƙara na fiffike shi kaɗai.

3. Matsalar zurfin gani

Ana auna ɗaukar hoto daga kusa da abin da za mu kira ninkin girma (grandissement), wato girman surar ƙwaro a kan farantin kyamara (capteur) idan an gwada da girmansa na gaskiya. In ƙwaro mai tsawon milimetir 10 ya kwanta a kan faranti da tsawon milimetir 10, ninki 1 ke nan. In ya kwanta da 20, ninki 2.

Duk lokacin da ninki ya ƙaru, kaurin wurin da ke fitowa sarai, wanda za mu kira zurfin gani (profondeur de champ), yana raguwa da sauri. Ana ƙiyasta shi da wannan lissafi: Z = 2 × N × c × (g + 1) ÷ g², inda N ke nufin lambar ƙofar haske (diaphragme), g ninkin girma, c kuma girman ɗigon da ido ke ɗauka a matsayin mai tsabta, wato wajen 0,03 mm ga faranti mai 24 × 36 mm. Ga misalai uku:

ninki 1, ƙofa 11: 1,32 mm
ninki 2, ƙofa 8: 0,36 mm
ninki 5, ƙofa 4: 0,06 mm

Na ƙarshen nan bai wuce kaurin gashin kai guda ba. Ke nan in idon ƙwaro ya fito, ƙahonsa da fiffikensa sun dusashe.

Mai karatu zai ce: to a matse ƙofar haske mana, tun da Z yana ƙaruwa da N. Sai dai haske in ya ratsa ƙaramar kafa yakan bazu (diffraction), hoton duka ya yi laushi. Kuma a ɗauka daga kusa, lambar da ke aiki a zahiri ita ce N × (g + 1): ƙofa 16 a ninki 5 daidai take da ƙofa 96. A nan an sami zurfi, an rasa gashi da jijiyoyin da ake nema. Wannan iyaka ce ta halittar haske, tsadar na'ura ba ta kawar da ita. Hanyoyi biyu da ke tafe, kowace amsa ce ga wannan matsala.

4. A fili: ƙwaro mai rai

A gona ko a bakin tafki, ƙwaro yana motsi, fure yana kaɗawa, hannu yana rawa. Abin da ke tsayar da motsi shi ne fitilar walƙiya, domin haskenta in an rage ƙarfinsa ba ya kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Amma walƙiya tsirara tana sa jikin ƙwaro mai sheƙi ya yi farin tabo. Don haka ake sa mata shamaki na farar takarda ko farin roba, kusa da ƙwaron, haske ya sauka da laushi daga kowane gefe.

Tun da zurfin gani bai fi milimetir ɗaya da ɗan wani abu ba, sai a daidaita kyamara ta yi layi ɗaya da tsawon jikin ƙwaron, ido da ƙirji da ciki su faɗa cikin shimfiɗa guda. A fili ba a cika wuce ninki 1 zuwa 2 ba.

Kayan aiki ba dole su zama masu tsada ba. Madubi na musamman kamar Canon MP-E 65 mm, da aka fitar a 1999, yana ba da ninki 1 zuwa 5. Amma madubi na yau da kullum mai 50 mm, in an sa masa zobban tsawo na 50 mm tsakaninsa da kyamara, yana ba da ninki 1. Madubi mai 28 mm da aka juya gabansa baya yana ba da wajen ninki 2. Wayar hannu da ɗan madubin da ake maƙala mata ta isa ga manyan ƙwari kamar Xylocopa, sai dai ba ta fito da jijiyoyin fiffiken galla.

Lokaci ma yana da nasa. Da sanyin safiya, musamman da hunturu, ƙwari ba su da kuzari, sukan bari a matso. Amma hazon wannan lokaci yana shiga kyamara in ana sauya madubi a waje, kuma a matsattsiyar ƙofa kowace ƙura da ke kan faranti sai ta fito. Mai aiki zai bi kalandar fure: wake da riɗi da kuɓewa da damina, magarya a ƙarshenta, gawo bayan ɗaukewar ruwa, sannan lambunan rani.

Fa'idar hoton fili ita ce yana kama abin da busasshen samfuri ba zai faɗa ba: wane fure ƙwaron ya ziyarta, da wane lokaci, ko ya taɓa gurbin garin fure ko kuwa ya huda gindin furen ya sha ruwansa ya wuce. Amegilla da Xylocopa suna girgiza furen tumatir da gauta don garin ya zubo, abin da ƙudan amya ba ya yi.

5. A ɗakin bincike: ɗora hotuna

Ga samfurin da aka soke da allura, ana bin wata dabara da kwamfuta ta sauƙaƙa. A kafa kyamara a kan wani dogo, a ɗauki hoto, a matsa gaba da ɗan taƙi wanda bai kai zurfin gani ba, a sake ɗauka, har a ratsa ƙwaron daga gaba zuwa baya. Sannan manhaja, kamar Zerene Stacker ko Helicon Focus, ko CombineZP da ake samu kyauta, ta tsinto wurin da ya fito sarai a kowane hoto ta haɗa su wuri guda. Ƙwaro mai kaurin milimetir 4, a ninki 2 da taƙin 0,25 mm, yana bukatar hoto 16 aƙalla. Kai mai zurfin milimetir 2, a ninki 5 da taƙin 0,04 mm, yana bukatar 50.

Misalin da ya fi shahara shi ne na ɗakin binciken dangin zuma na hukumar USGS a jihar Marilan ta Amurka, inda Sam Droege da abokan aikinsa suka ɗauki dubban hotuna ta wannan hanya, suka sake su kowa ya yi amfani da su kyauta. Manufarsu ita ce mai tantancewa da ke nesa da gidan adana samfura ya sami abin gwadawa. Hotunan Levon Biss da aka nuna a gidan tarihin halittu na Jami'ar Okusfod a 2016 kuwa, kowane guda an haɗa shi daga hotuna wajen dubu 8.

Rabin aikin yana ga shirya samfuri. Ƙwaron da ya fito daga barasar adanawa gashinsa a manne yake. Sai an wanke shi da ruwa da ɗan sabulu, an busar da shi da iska, an buɗe fiffike kafin ya sandare. Dole kuma a sa ma'aunin milimetir cikin hoton. Manhaja takan haifar da kurakurai, kamar farin da'ira a gefen gashi ko ƙafar da ta ɓace a bayan wata. Gyaran da ya halatta shi ne cire ƙura, ba ƙara abin da babu shi ba.

Wannan dabara ta shafi sauran ƙananan ƙwari. Tun wajen 2006 ake sakin ɗan ƙwaron nan Habrobracon hebetor a gonakin gero na Nijar don yaƙar murzuna (Heliocheilus albipunctella). Tsawonsa bai wuce ƴan milimetir ba. Hoto mai tsabta da aka buga babba yana taimaka wa malamin gona da manomi su bambanta abokin gona da mai ɓarna kafin a ɗauko maganin feshi.

6. Inda hoto ya tsaya

Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma a wannan fanni gani ma yana da iyaka. A wasu rukunai, kamar Hypotrigona da Lasioglossum, nau'o'i sun yi kama ƙwarai, ba a raba su sai an fiddo al'aurar namiji a ƙarƙashin mikroskof, ko an yi gwajin ƙwayoyin gado. Daga hoton fili, sau da yawa abin da za a iya faɗa da tabbaci shi ne sunan rukuni.

An yi muhawara a kan wannan batu. A 2015 Stephen Marshall da Neal Evenhuis suka raɗa wa wani ƙuda na Afirka ta Kudu mai kama da Xylocopa suna Marleyimyia xylocopae, bisa hotuna kaɗai, ba tare da samfuri a ajiye ba. A 2016 masana kusan 500 suka sa hannu a wata wasiƙa a mujallar Zootaxa suna ƙin wannan hanya. Hujjarsu ita ce, samfuri ana iya komawa gare shi a juya shi, a feɗe shi, a yi masa tambayar da ba a yi tunaninta ba a farko. Hoto kuwa abin da mai ɗauka ya zaɓa kaɗai ya ƙunsa.

A wurinmu matsalar tana da wata fuska. Yawancin samfuran asali na ƙwarin Afirka suna gidajen adana na Turai, kamar na Paris da Landan da Tervuren, ɗalibi ba ya kai musu cikin sauƙi. Waɗanda muke ajiyewa a gida kuma suna fama da ƙwarin da ke cin busassun samfura, da tururuwa, da fumfuna lokacin damina. Saboda haka hoto da samfuri kowane yana kare ɗan'uwansa: samfuri yana tabbatar da hoto, hoto yana ajiye kamannin samfuri tun yana sabo, kuma ana iya aika shi ga ƙwararre a wata ƙasa a rana guda.

7. Kammalawa

Ga sassan ilimin halittu da na noma a Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa, muna ba da shawara a kan abu huɗu. Na farko, kowane samfuri ya sami lamba, lambar nan kuma ta kasance cikin sunan kowane hotonsa. Na biyu, a rubuta wuri da lambobin taswira, da rana da sa'a, da sunan tsiron da aka same shi a kai, da sunan mai kamawa. Na uku, a ajiye hotunan asali ba tare da gyara ba, a wuri biyu daban, a kuma shigar da bayanan a rumbuna na kowa da kowa kamar GBIF ko iNaturalist. Na huɗu, a tambayi manomi ko mai ɗibar zuma sunan da yake kiran ƙwaron, a rubuta shi yadda ya faɗa tare da garinsa. Hoton da aka nuna wa mutane a kasuwanni daban-daban zai bayyana ko galla da rakuwa ƙwaro guda ne a bakin kowa, ko kuwa sunan yana sauyawa daga Gobir zuwa Adar da Damagaram. Wannan aiki ne da ɗalibin ilimin ƙwari da na ilimin harshe za su iya yi tare.